Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Mu mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi mun saba da zama a ƙarshen layi. A 1929 layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya zo Ƙaura ya tsaya, bai ƙara gaba ba. A da, nan ake tara gyaɗa da auduga da fatun ƙauyukanmu a yi lodi a yi kudu da su. Wutar lantarki ma sai ta gama rarraba kanta a hanya sannan abin da ya rage ya iso mana. Sabis ɗin waya kuwa, duk wanda ya taɓa hawa tudu yana ɗaga wayarsa sama don saƙo ya fita ya san inda muke a jerin gwano.

Wanda ya daɗe a ƙarshen layi yakan koyi wata ɗabi'a. Idan aka nuna masa sabon kaya, kafin ya yaba kyansa sai ya tambayi hanyar da zai biyo. Da wannan ɗabi'ar muke sauraron zancen ƙananan na'urorin awo masu aika bayani da kansu, abin da masana ke kira intanet ɗin kayayyaki.

Abin ba mai wuyar ganewa ba ne. Ɗan akwati ne da bai fi sandar sabulu girma ba, da batir a ciki da ɗan tsinken eriya a ka. Wani a soke ƙafarsa a gona ya riƙa auna damshin ƙasa. Wani a maƙala shi a ƙarƙashin gada ya riƙa auna inda ruwan gulbi ya kai. Wani a saka shi cikin firjin allurar rigakafi, da zarar sanyi ya ragu ya yi ƙara a wayar ma'aikaci. Kowannensu yana tura abin da ya auna zuwa wata kwamfuta, ba sai mutum ya taka ya je ya duba ba.

Wannan ƙarshen maganar, wato ba sai mutum ya je ba, shi ne ya sa abin ya shafe mu fiye da mutanen birni. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ke fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga da yawancinmu ke shukawa. Gero yana hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri. A tsallaken iyaka akwai tashar bincike ta Tarna a Maraɗi, wadda ƙasarta ta fi kama da ta Zurmi. Samaru ta fi mu ruwan sama nesa ba kusa ba, saboda haka irin da ya yi kyau a can sai an gwada shi a jigawarmu da fadamarmu kafin a ce ya dace da mu. Gwaji kuwa yana son mai zuwa duk mako da littafi da ma'auni. A shekarun nan kowa ya san abin da ke kan hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Ƙaura zuwa Zurmi. Malamin da zai yi wannan zirga-zirgar sai ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya yaƙi. Sakamakon haka, yankin da ya fi buƙatar a san halin ƙasarsa shi ne aka fi jahilta.

Ga kuma ruwa. Gulbin Gagare da ke wucewa ta Ƙaura da gulbin Bunsuru da ke bi ta ƙasar Zurmi duk Rima suke faɗawa, Rima kuma ta cika madatsar Goronyo kafin ta gangara Sakkwato. A Satumban 2010 ambaliya ta cinye hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gari. Wani ɓangare na ruwan da ke yin irin wannan ɓarna ta ƙofar gidajenmu yake wucewa kwanaki kafin ya isa can. Ma'aunai kaɗan a gadojinmu za su iya ba wa mutanen ƙasa da mu lokacin kwashe kaya.

Muna da inda za a kafa irin wannan aiki. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Ƙaura tun 1983, tana yaye masu ilimin lantarki da kwamfuta. Gusau tana da jami'ar tarayya tun 2013. Burinmu shi ne wata rana a ga babbar tashar bincike a wannan yanki, mai ɗakunan gwaji da gonakin gwaji, da ɗaruruwan ma'aunai a warwatse daga fadamun Shinkafi har kan iyakar Nijar. Amma idan ranar ta zo, muna tsoron a fara da sayen na'urori, domin su ne ake iya jerawa a kan tebur a ɗauki hoto. Hanyar da za su yi magana ta cikinta ba ta fitowa a hoto, kuma ita ce aikin.

Mu leƙa inda suka riga mu. A kan iyakar Suwizalan da Faransa, kusa da birnin Jeniba, akwai cibiyar binciken ƙwayar zarra da ake kira CERN, wadda aka kafa a 1954. Babban injinta zobe ne mai tsawon kilomita 27, a binne kamar mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, kuma ana sanyaya maganaɗisunsa har digiri 271 ƙasa da sifili. A nan ne Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a 1989. Idan akwai wurin da ya san sadarwar kwamfuta, to nan ne. Duk da haka ba su yarda kowace na'ura ta shigo ta kama hanya yadda ta ga dama ba.

Sun raba hanya biyu. Akwai wadda ma'aikata da baƙi ke bi su karanta saƙo su shiga intanet, akwai kuma wata daban da ke ɗauke da na'urorin da ke sarrafa injuna da sanyi da wuta, kuma ba a tsallakawa daga wannan zuwa waccan sai da izini. Sannan kowace na'ura sai an yi mata rajista kafin ta hau: mece ce, ina take, wane ne mai alhakinta. Don ƙananan ma'aunai masu aiki da batir kuma, sun shimfiɗa wata hanyar rediyo ta musamman mai suna LoRa.

Wannan ta ƙarshen ta cancanci a tsaya a kanta, domin kamar don mu aka yi ta. Wayifai da muka sani yana ɗaukar bidiyo da hotuna, amma ba ya nisa, kuma yana shan batir. Layin waya yana nisa, amma kowace na'ura sai an saya mata sim, an riƙa zuba mata data, kuma rayuwarta tana hannun ƙarfen sabis ɗin kamfani. LoRa ba ta iya ɗaukar ko hoto ɗaya cikin sauƙi. Abin da take ɗauka 'yan lambobi ne kawai, amma tana kai su kilomitoci, a fili marar tsaunuka har fiye da kilomita 10, kuma batir ɗaya yakan yi shekaru. Akwatin karɓa guda, idan aka ɗora shi a kan dogon ƙarfe ko tankin ruwa, yana sauraron ɗaruruwan ma'aunai. Babban abin shi ne akwatin naka ne. Ba ka biyan kowa kuɗin wata, kuma ba wani kamfani da zai kashe maka shi daga nesa.

Mu yi lissafi mu gani. Ma'aunin damshi da ke magana duk minti 15 zai yi magana sau 96 a yini. Idan kowane saƙo bai wuce harafi 20 ba, abin da zai tara a yini bai kai harafi 2,000 ba. Ma'aunai 500 gaba ɗaya ba za su cika megabayit ɗaya ba. Ashe faɗin hanya ba shi ne damuwar ba. Damuwar ita ce hanyar ta kasance tana nan kullum, dare da rana, rani da damina.

A nan ne darasin Jeniba ya ƙare, namu ya fara, domin akwai abin da muka gani wanda su ba su taɓa sa shi a lissafi ba. Ranar 3 ga Satumban 2021 aka kashe sabis ɗin waya a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar, don jami'an tsaro su samu damar tunkarar 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ta samu nata bayan kamar wata guda, mu na ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A lokacin an rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi da ke ci ranar Alhamis, an kuma hana sayar da fetur a jarka. Mun koma rubuta wasiƙa muna ba direba. Masu POS sun naɗe lemarsu. Mai son jin muryar ɗansa da ke Kano ko Legas sai ya yi tafiyar sa'o'i zuwa wata jihar.

Ba mun kawo wannan don mu yi wa matakin shari'a ba ne, kowa da yadda ya gan shi. Mun kawo shi ne saboda ya nuna mana abin da injiniya ya kamata ya sani kafin ya ja waya ko ɗaya a ƙasar nan. Da a ce akwai ma'aunai 500 a gonakinmu a wannan shekarar, kowanne da sim a cikinsa, yana tura bayaninsa kai tsaye zuwa wata uwar garke a Turai, da duk sun zama kurame a dare ɗaya. Kuma a Satumba, lokacin da gero ke nuna, gulabe suka cika, damina ke shirin ban kwana. Bayanin da manomi da mai bincike suka fi buƙata a shekara shi ne zai ɓace, kuma damina ba ta dawowa a sake aunawa.

Saboda haka duk hanyar sadarwar da za a shimfiɗa mana, a gina ta da sanin cewa za a yanke. Kowane ma'auni ya iya riƙe abin da ya auna a cikinsa har ya samu mai karɓa. Ko kwana 90 aka yi, awo 8,640 ne, wanda ƙaramin katin memori zai haɗiye bai san ya ci komai ba. Uwar garken farko ta zauna a harabar tashar, a Ƙaura, yadda ko intanet ta ɗauke malamai za su ci gaba da ganin gonakinsu. Idan hanya ta buɗe sai a tura kwafi waje. Ƙofar fita kuma kada ta zama ɗaya: in akwai wayar fayiba a yi amfani da ita, a ajiye layin waya a gefe, a ƙara da tauraron ɗan'adam, tunda irin su Starlink sun fara aiki a Najeriya tun farkon 2023. Kowane ma'auni kuma ya kasance da agogo mai gaskiya, domin awon da ba a san ranarsa da sa'arsa ba ba shi da maraba da jita-jita.

Sai maganar wuta da yanayi. Akwatin karɓa da uwar garke ba za su jira wutar gari ba, sola da batir ne abincinsu. To amma sola tana da abokan gaba a nan. Ƙurar hunturu takan rufe gilashin cikin 'yan kwanaki har ƙarfinsa ya ragu, sai an samu mai gogewa. Zafin bazara, da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, yana rage wa batir kwana, musamman in an kulle shi cikin akwatin ƙarfe a rana. Hadarin farkon damina yana zuwa da tsawa, kuma dogon ƙarfen da ba a ja masa waya zuwa cikin ƙasa ba kiran aradu yake yi. Ɓera yana cin waya, gara tana cin turke, akuya tana tauna duk abin da ya lilo. Wanda ya zana taswirar aikin a ofis mai sanyi ba zai tuna da akuya ba. Mu da muke kiwonta mun san halinta.

Akwai kuma ɓarayin da ba a gani. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙananan na'urorin nan tsaga ce a jikin bango. Yawancinsu suna fitowa daga masana'anta da kalmar sirri iri ɗaya, masu saye kuma ba sa canzawa. A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi ta wannan kafa ta mallake ɗimbin kyamarorin tsaro da makamantansu a faɗin duniya, ta haɗa su suka yi wa kamfanin Dyn na Amurka rubdugu, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagara buɗuwa ga mutane da yawa. Masu kyamarorin ba su ma san an yi yaƙi da kayansu ba. Wannan ne dalilin raba hanya da yin rajista. Ma'aunin gona ba shi da abin da zai nema a kwamfutar da ke riƙe da albashin ma'aikata ko sakamakon ɗalibai, don haka kada a ba shi hanyar zuwa can. Na'urar da ba a san mai ita ba kuma kada a bar ta ta yi ko tari.

A wurinmu maganar sirri ta wuce asarar kuɗi. Mun san garuruwan da ake ɗora wa manoma haraji kafin su shiga gona da kuma kafin su kwashe amfani. A irin wannan wuri, jadawalin da ke nuna gonar wane ce ta fi kyau bana, a ina take, dami nawa ake sa ran samu, takarda ce mai iya jawo wa mutum kwana a daji. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka ba ta hana waya faɗawa hannun da bai dace ba. Kariya ta gaskiya ita ce tun farko kada a haɗa sunan manomi da awon gonarsa a wuri ɗaya, a kulle saƙo tun daga ma'auni har uwar garke, kuma abin da ba a buƙata kada a tara shi.

Shi kansa akwatin abin tsoro ne idan ba a yi bayani ba. A ƙasar da kalmar infoma ke iya kashe mutum, ka dasa wani abu mai eriya a gonar bawan Allah ka tafi, ka bar shi da amsa tambayoyin da bai san amsarsu ba. Duk dattijon da aka je wa da wannan zance, tambayarsa ɗaya ce: "Ɗana, wa ke saurare a can ƙarshen?" Tambaya ce mai kyau, kuma dole amsarta ta zama gaskiya. A fara da hakimi da dagaci da mai unguwa da liman. A buɗe akwatin a gaban jama'a kowa ya ga babu kyamara babu makirufo. A rubuta a jikinsa da Hausa, da boko da ajami, abin da yake aunawa. Wanda ya ce ba ya so a gonarsa a ƙyale shi, ba tare da an ɓata masa suna ba. Inda aka ga dasa shi zai jefa mai gona cikin haɗari, a haƙura da wannan awon. Babu lambar da ta kai ran mutum.

Sauran abu guda, wanda shi ne ya fi kashe irin waɗannan ayyuka a ƙasarmu. Dukkanmu mun san ɗakunan da aka cika da kwamfutocin tallafi, aka yanka kyalle aka yi tafi, bayan shekara biyu ƙura ta rufe su saboda wani ɗan abu ya ƙone kuma wanda ya san gyaransa ya koma inda ya fito. Hanyar sadarwa ba gini ba ce da za a gama a miƙa makulli. Kiwo ce. Batir zai mutu, manhaja za ta tsufa ta buƙaci sabuntawa, iska za ta karkatar da eriya. In ba a ware kuɗin wannan kiwon tun ranar farko ba, an sayi gawa ne da tsada. Masu kiwon kuma muna da su. Yaran da ke gyaran waya a bakin tasha, waɗanda ke cire abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta su dasa wani, da masu haɗa sola gida-gida, da ɗaliban kwalejin Ƙaura da ke neman aikin kammala karatu mai ma'ana, su ne ya kamata su haɗa ma'aunan da hannunsu, su san ciki da bai ɗinsu. Ɗan Zurmi ne zai iya zuwa gadar Zurmi ranar da baƙo ba zai iya ba.

Muna kuma da sharaɗi a kan inda bayanin zai ƙare. Mun ga zamanin da arzikin ƙasar nan ke fita ɗanye a dawo mana da shi a sarrafe mu saya. Ba ma son awon ruwanmu da ƙasarmu ya bi wannan sawu, ya zama takardar digiri a wata ƙasa alhali mai gonar bai taɓa jin sakamakon ba. Idan ma'auni ya nuna ƙasa ta jiƙu yadda shuka za ta tsira, manomi ya ji a rediyo da harshensa kafin ya zuba iri a ruwan farko mai yaudara. Idan Gagare ta fara hawa, saƙo ya isa ga masu shinkafa a fadama da masu unguwannin bakin gulbi tun da sauran lokaci. Wanda ya ga amfanin abu shi ke tsaronsa, kuma babu katangar da ta kai wannan.

Ba sai an jira babbar tasha ba kafin a fara. Akwatin karɓa ɗaya a kan tankin ruwa, da ma'aunai goma, da tsohuwar kwamfuta a ɗaki mai iska, da littafin rajista, da ɗalibai biyar da malami ɗaya mai naci, sun isa a gwada damina guda. A cikinta za a gane inda saƙo ke kaiwa da inda yake maƙalewa, da kwana nawa gilashin sola ke yi kafin ya nemi tsumma, da irin tambayoyin da mutanen gari za su yi. Abin da aka koya da goma shi zai hana a yi asarar 500. Allah Ya kawo mana zaman lafiyar da malami zai koma gona da littafinsa ba fargaba. Kafin nan, gara a fafe gorar tun yanzu.